Mughal-e-Azam: Akbar ya yi wa Anarkali adalci ko ya binne ta da rai?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare bayan yara sun yi barci na zauna na kalli tsohon fim ɗin Indiyan nan Mughal-e-Azam tun daga farko har ƙarshe, awa uku da 'yan kai. Rabona da shi tun ina budurwa a gidanmu, zamanin kaset ɗin bidiyo. Wallahi har yanzu abin bai sauka daga zuciyata ba. A da ina ganin ƙarshensa mai daɗi ne, tunda ba a kashe Anarkali ba, kuyangar nan mai rawa da ɗan sarki ya kamu da sonta. Jiya kuwa sai na ga ba haka ba ne. Sarki Akbar ya fitar da ita ta hanyar ƙarƙashin ƙasa, da sharaɗin ɗansa Salim ba zai taɓa sanin tana raye ba. To wace rayuwa ce wannan? Shi yana can yana makokin wadda ba ta mutu ba, ita tana can da rai ba ta da ikon cewa ga ni. Ni a ganina binne ta ya yi, tubali ne kawai bai sa ba. Ina masu cewa Akbar adali ne a fim ɗin nan? Ku fito mu yi magana.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni a silima na fara ganinsa, irin marar rufin nan, muna zaune a benci taurari na samanmu. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, kuma ba fassara, amma ba wanda ya tambayi na kusa da shi me ake ciki. Ido da kiɗa sun gaya mana komai.

Game da tambayarki, ki tuna yadda fim ɗin ya buɗe. Akbar, sarkin da ke riƙe da Hindustan, yana tafiya ba takalmi a kan rairayi mai zafi, zai je wurin Shehu Salim Chishti neman addu'a Allah ya ba shi ɗa namiji. Da aka haifi yaron, kuyangar da ta kawo albishir ya cire zobensa ya ba ta, ya ce duk ranar da ta zo da buƙata zai biya mata. Wannan kuyanga ita ce uwar Anarkali. Mutumin da ya sha wannan wahala kafin ya samu ɗa, kina ganin ƙiyayya ce ta sa shi ya raba shi da abin da yake so? Kujera ce ta ɗaure shi. Kuma da uwar ta dawo da zoben bayan shekaru, bai ci alkawari ba. Ya nemo hanyar da zai cika magana ba tare da ya rusa sarauta ba.

Uwar Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma da ta kawo zoben ai da farko nuna mata ya yi kamar bai san zancen ba. Ta yi kuka, ta tuna masa da ma'aunin adalcinsa. Sai daga baya a ɓoye ya cika. Alkawarin da aka ɗauka da rana tsaka, a cika shi cikin duhu?

Malamin Tarihi:
Salamu alaikum. Kafin muhawara ta yi nisa bari in ajiye wasu abubuwa, don kada mu ɗauki fim a matsayin littafin tarihi. Akbar ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ɗansa Salim ya gaje shi da sunan Jahangir har 1627. Gaskiya ne Salim ya yi wa ubansa tawaye, ya kafa tasa fadar a Allahabad, har ya sa aka kashe Abul Fazl, babban na hannun daman Akbar, a 1602. Amma gajen haƙurin jiran gadon sarauta ne ya kawo wannan, ba wata mai rawa ba. Sunan Anarkali bai zo a Akbarnama, littafin tarihin mulkin Akbar, ba, bai zo a littafin da Jahangir ya rubuta na rayuwarsa ba. Wani Bature ɗan kasuwa, William Finch, shi ya fara rubuta labarin yadda ya ji ana faɗa a Lahore. Akwai wani kabari a Lahore da ake jingina mata, akwai kuma tsohuwar kasuwa mai sunanta har yau.

Labarin da muka sani ya samo asali ne daga wasan kwaikwayon da Imtiaz Ali Taj ya rubuta da Urdu a 1922. A can Anarkali mutuwa take yi, a gine ta cikin bango. Darakta K. Asif ne da marubutansa suka kawo zancen zobe da hanyar ƙasa. Ke nan Hajiya, tambayarki ta gaske ita ce: me ya sa Asif ya ga dole sai ya wanke Akbar? Ki dubi sunan fim ɗin ma. Ba a ce Anarkali ba, ba a ce Salim ba, an ce Mughal-e-Azam, wato babban sarkin Mughal.

Baba Mai Rediyo:
Madalla Malam. Ka ga ni ma ka ƙara mini karatu.

Mai Fiyano:
Ni dai ku yi mini afuwa, ta ɓangaren sana'ata zan shigo. Shekara goma sha ina sitidiyo ina buga wa mawaƙa kiɗa, kuma duk wanda ya zo koyo wurina sai na zaunar da shi ya saurari aikin Naushad, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin nan. Anti Uwar Biyu, ina tare da ke, amma hujjata daban ce. Ku lura, Anarkali kuyanga ce. A gaban sarki ba ta da baki. Idan ana magana kanta a sunkuye yake, sai ta sume ma don tsoro ranar da Akbar ya same su tare. Duk abin da take son faɗa, a waƙa take faɗarsa. Idan ka cire waƙoƙin, ka cire mata harshe.

Ku bi su a jere. Farko a bikin haihuwar Krishna, abin bautar Hindu, da sarauniya Jodha matar Akbar ke yi a fada, tana rawa tana waƙa mai kunya, murya ƙasa-ƙasa, yarinya ce da ba ta san abin da ke tafe ba. Sai gasar ƙawwali, wato waƙar amshi, ita da Bahar, wata mai rawar fada da ke kishi da ita, kowacce da 'yan amshinta sun zauna suna fuskantar juna, yarima na tsakiya yana alƙalanci. Nan Naushad ya yi abin da nake cire masa hula: ya ba Bahar muryar Shamshad Begum, mai kauri da kaifi kamar ƙarfe, ya ba Anarkali muryar Lata Mangeshkar, siririya mai laushi. Ko ka rufe ido ka san wacce ke neman kambun sarauta, wacce ke neman mutum. Bahar na cewa so wahala ce da hawaye, wayo shi ne a tsaya daga nesa. Anarkali na cewa ko da zai ƙare da halaka ta yarda. Da aka gama yarima ya ba Bahar fure, ya miƙa wa Anarkali ƙayar. Ta karɓa da godiya, ta ce ita ƙaya ba ta tsoron yaushi.

Sai kurkuku, sarƙa a hannu da ƙafa. Sai kuma ɗakin madubai. Akbar ya fito da ita ne da sharaɗin ta nuna wa Salim ba ta taɓa sonsa ba. Ta shigo tsakar fada, ta yi rawa, sannan ta buɗe baki da Pyar Kiya To Darna Kya, wato wanda ya yi so me zai tsorata. Ta zare wuƙa ta ajiye a gaban sarki. Mutum ɗaya ce, amma da Akbar ya ɗaga kai sai ya gan ta ɗari-ɗari a cikin madubai, ta cika rufi ta cika bango. Duk fim ɗin, a nan kaɗai sarki ya rasa inda zai sa idonsa.

Amaryar Bana:
Wayyo Yaya Mai Fiyano, tsigar jikina ta tashi. Ni wannan waƙar kaɗai na sani, a waya nake ganin guntunta. Ban taɓa sanin cewa fitowa ta yi daga kurkuku ba. Na ɗauka biki ake yi.

Mai Fiyano:
Ƙanwata, shi ya sa nake jin ciwon yadda ake yanka waƙa a raba ta da labarinta. Haka wasu masu fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa ke yi, da an zo waƙa sai a datse don a rage tsawo. A wani fim ɗin ba a yi asarar komai ba. A wannan kuwa an kashe shi.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga nan Zinder. Ni waƙar kurkukun ce tawa, wadda ake kira Bekas Pe Karam Kijiye. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta kallon fim, tana ganin ɓata lokaci ne. Wata rana tana tankaɗe a tsakar gida muna kallo a ɗaki, sai ta ji kalmar Madina cikin waƙar. Ta ajiye rariya ta zo bakin ƙofa ta tsaya, hannunta duk gari. Ta ce me yarinyar nan ke cewa? Yayana ya ce kamun ƙafa take yi da Shugaban Madina, sallallahu alaihi wa sallam, tana cewa ba ta da kowa. Inna ta tsaya har aka gama, ta share ido da bakin zane ta koma aikinta. Shakeel Badayuni ne ya rubuta baitocin, Naushad ya yi kiɗa, dukkansu Musulmi, Lata kuma Bahindiya ce, wato mai bin addinin Hindu, ta rera. Kuma ta rera ta kamar wadda ta tashi a gidan masu bege.

Baba Mai Rediyo:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ai wannan ne ya sa fina-finan nan suka shiga jikinmu tun da Kwarori suka fara kawo su silimomin Kano da Jos da Kaduna. Rawani, doki, fada, mace mai lulluɓi, ɗa ba ya haɗa ido da uba. Har masu bandiri suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Annabi a kai. Ba mu ga baƙo ba, ɗan'uwa muka gani da wani yare.

Malamin Tarihi:
Allah ya gafarta mata. Malam Mai Fiyano, ka tsallake guda, kuma na san da gangan ka ajiye ta.

Mai Fiyano:
Ka kama ni Malam. Wurin gashin tsuntsu. Dare ne, a lambu, Salim na shafa fuskar Anarkali da farin gashin tsuntsu, ba wanda ya ce uffan. Daga nesa ana jiyo Tansen, mawaƙin fadar Akbar, yana rera waƙa. Wanda ya ba Tansen murya shi ne Ustaz Bade Ghulam Ali Khan, babban malamin waƙar gargajiya na gidan Patiala, mutumin da ke ganin waƙar fim ƙasƙanci ce. Don ya kori Asif sai ya yanka masa kuɗin da yake ganin ba mai biya, rupi 25,000 kowace waƙa, a lokacin da su Lata da Mohammed Rafi ke karɓar 'yan ɗaruruwa. Asif ya ce ya saya. Ya yi masa waƙa biyu.

Abin da nake so masu sana'armu su gane shi ne, a wurin da ya fi kowane wuri zafin so, Naushad bai ba masoyan waƙa ba. Ya bar su shiru, ya ɗauko muryar dattijo daga can wani sashe na fada, tana hawa tana sauka a hankali kamar hayaƙin turaren wuta. Mu yau da mun samu irin wannan wuri, sai mu cika shi da ganga da amon kwamfuta, saurayi ya yi baiti budurwa ta mayar. Ni kaina na yi hakan ba sau ɗaya ba, don abin da kasuwa ke nema ke nan, amma na san wanne ya fi.

Kuma duk da wannan aiki, babbar kyautar fina-finan Indiya ta Filmfare, ɓangaren kiɗa, ta shekarar ba a ba Naushad ba, Shankar da Jaikishan aka ba. Har yau abin na ba ni takaici.

Amaryar Bana:
To wai gaskiya ne jarumin da jarumar soyayya suke yi a zahiri?

Uwar Biyu:
Gaskiya ne ƙanwata, kuma shi ne abin da ya ƙara karya mini zuciya. Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Yusuf Khan, da Madhubala, ita kuma Mumtaz, sun yi shekaru suna son juna. Aure bai yiwu ba, saɓani ya shiga tsakaninsa da mahaifinta, har ta kai su kotu kan wani fim, Dilip ya ba da shaida ba a ɓangarensu ba. Shi da kansa ya faɗa a littafin rayuwarsa cewa lokacin da aka ɗauki wurin gashin tsuntsun nan ko gaisuwa ba sa yi. Ki koma ki kalli idonta a wurin, sannan ki gaya mini wasa ne.

Ga ciwo kuma. An haife ta da huji a zuciya, tana cikin aikin nan ciwon na cin ta, kuma sarƙoƙin da aka ɗaura mata na ƙarfe ne na gaske masu nauyi, ba na wasa ba. Fim ya fito ranar 5 ga Agusta 1960, ita kuma ta rasu a Fabrairun 1969 tana da shekara 36, bayan ta daɗe a kwance. Shi Dilip ya rayu har 2021. Idan na gan ta tana jan sarƙa a kurkuku, ba na iya raba Anarkali da Madhubala.

Ɗan Damagaram:
Allahu akbar. Ban san da zancen ciwon ba.

Malamin Tarihi:
Shi ma fim ɗin kansa ya sha jinya. Asif ya fara shi tun wajen 1944 da wasu 'yan wasa daban. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947 mai zuba kuɗin ya ƙaura Pakistan, aiki ya tsaya. Sai attajiri Shapoorji Pallonji ya karɓa, aka sake zubi da Prithviraj Kapoor a matsayin Akbar. An kashe kusan rupi miliyan 15, kuɗin da ba a taɓa kashe wa fim a Indiya ba a lokacin. Gilasan ɗakin madubai daga Beljiyam aka kawo su, sojojin Indiya na gaske da dawakansu aka ɗauki wurin yaƙin Akbar da Salim da su. Ya riƙe kambun fim mafi kawo kuɗi shekara 15, sai da Sholay ya zo a 1975.

Na kawo batun 1947 ne don ya amsa tambayar da na yi ɗazu. Ƙasa ce da ta fito daga zubar da jini tsakanin Hindu da Musulmi. Asif ya nuna sarki Musulmi yana zaune a bikin addinin matarsa Bahindiya, babban kwamandansa Man Singh Bahinde ne, abokin da ya ba da ransa don Salim, Durjan Singh, shi ma haka. Har taswirar Hindustan aka sa ta yi magana a farkon fim da ƙarshensa tana yabon Akbar. Mutumin da aka ɗora wa wannan nauyi, ba yadda za a yi a bar shi ya gine yarinya da rai. Ba don tausayin Anarkali aka haƙa ramin nan ba, don mutuncin Akbar aka haƙa shi.

Uwar Biyu:
Yauwa Malam! Ka faɗi abin da na kasa faɗa.

Baba Mai Rediyo:
Ku dakata yara, kada ku yi mini taron dangi. Na yarda da Malam kan dalilin Asif. Amma ni uba ne, na aurar da 'ya'ya shida, kuma akwai ranar da na hana ɗana abin da yake so, na shiga ɗaki na kasa cin tuwo. Ku dubi Prithviraj a daren da za a gwabza yaƙi, ya tafi tantin ɗansa shi kaɗai, ba a matsayin sarki ba. Ya rungume shi, muryar nan mai kama da aradu ta karye. Ya roƙe shi. Salim bai sassauta ba ko kaɗan, ya gwammace dubban mutane su mutu a fili saboda mace ɗaya. Waɗannan sojojin ba su da uwaye ne? Ba su da matan da suke so? Kowa na kukan Anarkali, ba mai kukan su. Kuma a ƙarshe Akbar ya sunkuyar da kai gaban kuyanga, ya ce shi ba maƙiyin so ba ne, bawan ƙa'idojinsa ne, ya nemi ta yafe masa. Sarki nawa kuka sani da ya taɓa yin haka?

Mai Fiyano:
Baba, maganarka kan sojojin nan ta shige ni, ban taɓa kallon ta nan ba. Salim ma yana da nasa laifin. Shi ɗan sarki ne, ya san ko me ya yi da wuya a taɓa shi, ita ce za ta biya.

Amaryar Bana:
To wanne zan nema, mai kala ko marar kala? Na ga iri biyu.

Mai Fiyano:
Na asali baƙi da fari ne, sai wurare kaɗan da aka ɗauka da kala, ciki har da ɗakin madubai. A 2004 aka yi masa kala gaba ɗaya aka sake fitar da shi silima, aka sake gyara kiɗan Naushad yana raye. Ni dai nemi na asali. Kin daɗe kina kallo idonki ya saba da duhu da haske, kwatsam ta shigo ɗakin madubai duniya ta fashe da ja da shuɗi da ruwan zinare, daidai lokacin da ta daina jin tsoro. A mai kala wannan bugun ƙirjin ya ɓace, tunda ko'ina kala ce.

Ɗan Damagaram:
Ni kuma mai kalar ce ta sa ƙannena suka yarda suka zauna suka kalla. Da marar kala ce da ba su tsaya ba. Kowanne da ranarsa.

Uwar Biyu:
Baba, na ji maganarka, kuma ban raina ta ba. Na yarda Akbar ya ji ciwo, na yarda Salim ya yi ganganci da rayukan mutane. Amma ka ce ya nemi yafiya. Ka tuna ita ta riga shi. Da ta miƙa kanta don a bar Salim da rai, buƙata ɗaya ta nema, a bar ta ta zama matarsa na dare ɗaya, don kada alkawarin da ya yi mata na sarauniya ya zama ƙarya. Akbar ya yarda, da sharaɗin kafin asuba ta shaƙa masa fure mai sa maye don kada ya ga tafiyarta. Aka ɗora mata kambu. Ta ɗago kai ta kira shi da cikakken sunansa, Jalaluddin Muhammad Akbar, ba sarki ba, ba ranka ya daɗe ba, ta ce wannan kuyanga ta yafe masa jininta. Da hannunta ta sumar da wanda take so, ta yi masa waƙar sallama tana barin sa a hannun Allah, masu baƙaƙen kaya suka tafi da ita.

Jininta ta yafe, Baba. Abin da ya yi mata daga baya a bakin ramin nan wani abu ne daban, kuma da ya roƙe ta yafiyarsa ba ta amsa ba. Na mayar da wurin baya sau uku jiya ina duba bakinta. Uwarta ce ta riƙe ta suka shige cikin duhu.

Baba Mai Rediyo:
Sau uku? To 'yata, bari jikana ya dawo daga makaranta ya kunna mini a wayarsa. Zan duba bakin nata da kaina, gobe in Allah ya kai mu mu ɗora.